Inshorar cike giɓi a Amurka: abin da take biya kan haɗari, babban ciwo da kwanciyar asibiti, da wuraren da take zamewa

Mai aikin albashi a Amurka yakan haɗu da wannan magana ne wajen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ma'aikatu ke buɗe ƙofar zaɓen inshorar shekara mai zuwa. Bayan ya zaɓi babbar inshorar lafiya, sai ya tarar da wasu ƙananan layuka uku a ƙasa: inshorar haɗari, inshorar babban ciwo, da inshorar kwanciyar asibiti. Kuɗin kowace bai taka kara ya karya ba, kuma daga albashi ake cirewa, mutum ba ya ma jin fitarsa. Wasu su danna duka ukun saboda araha, wasu su tsallake saboda suna ganin biya biyu ne a kan abu ɗaya. Da wuya a samu wanda ya buɗe takardar yarjejeniyar ya karanta kafin ya yanke shawara.

Babbar inshora tana duba lissafin da asibiti ya kawo, ta biya asibitin kasonta. Waɗannan ukun ba ruwansu da lissafin asibiti. Abin da suke dubawa shi ne ko abin da ya same ka yana cikin jerin da aka rubuta, da irin kalmomin da aka rubuta shi. In ya dace, sai a turo maka tsabar kuɗi cikin asusunka, adadin da aka riga aka yanke tun ranar sa hannu, ka biya haya ko ka sayi abinci ko ka kai wa asibiti, babu mai tambayarka. In bai dace ba, ko da ciwon ya kai ka gargara, ba a biyan ko sisi. Kusan duk rigimar da ake yi da kamfanonin nan daga nan take tasowa.

Ramin da ake son cikewa

Babbar inshorar lafiya a Amurka yawanci ba ta fara biya daga dalar farko. Akwai kason farko da mai inshora zai biya da kansa a kowace shekara kafin kamfani ya sa hannu. Bayan ya cika wannan sai a shiga raba nauyi, sau da yawa kamfani ya ɗauki kashi 80 cikin ɗari, shi kuma 20, har abin da ya fita daga aljihunsa ya kai iyakar da doka ta ɗora. A 2025 iyakar dala 9,200 ce ga mutum ɗaya, 18,400 ga iyali, muddin an yi jinyar a asibitocin da ke cikin jerin kamfanin.

A ce ma'aikacin sito ya zame a kan ƙanƙara a ƙofar gidansa cikin Janairu, ya karye a cinya, aka yi masa tiyata, ya kwana huɗu a asibiti. A ce lissafin, bayan ragin da kamfanin inshora ya saba samu daga asibiti, ya tsaya a dala 25,000, kason farkonsa kuma 3,000 ne. Zai biya 3,000 ɗin, sannan kashi 20 na ragowar 22,000, wato 4,400. Jimla dala 7,400, ga mutumin da yake da inshora cikakkiya. Tsugune kuma ba ta ƙare ba, don ba zai iya ɗaukar kaya ba na tsawon makonni. Dokar hutun jinya ta tarayya, wadda aka kafa a 1993, tana tsare masa gurbin aikinsa har mako 12, amma hutu ne ba albashi, kuma a kamfanoni masu zaman kansu ta shafi masu ma'aikata 50 ko fiye ne kawai. Mai gidan haya dai ba zai jira ƙashi ya haɗe ba.

Inshorar haɗari

Wannan ita ce mafi sauƙin ganewa, domin tana zuwa da jadawali kamar na farashin kaya a kanti. Zuwa sashen gaggawa kuɗi kaza, motar asibiti kaza, hoton ƙashi kaza, ɗinki gwargwadon tsawon yankan, ƙuna gwargwadon zurfinta da faɗin jikin da ta ci, karaya kuma kowane ƙashi da farashinsa: na ƙugu da cinya a sama, na yatsa a can ƙasa. Karayar da aka yi wa tiyata aka sa ƙarfe yawanci tana ninka wadda aka gyara ba tare da yanka ba, ɗan ɓallewar gefen ƙashi kuwa wani ƙaramin kaso kawai ake ba shi. Ana haɗa waɗannan ne ɗaya bisa ɗaya, don haka haɗari guda na iya jawo biya a layuka biyar ko shida.

Wurin da ake yawan faɗuwa shi ne ma'anar kalmar haɗari kanta. Kamfani yana nufin abin da ya auku farat ɗaya, daga waje, ba da niyya ba. Ciwon bayan da ya taru a hankali saboda shekarun ɗaukar kwali ba ya ciki. Wanda sukarinsa ya faɗi ya yanke jiki ya fasa kai, kamfani na iya cewa cuta ce musabbabi, kuma yawancin yarjejeniyoyi sun cire raunin da cuta ta jawo. Haka tuƙi cikin maye, rauni yayin aikata laifi, tseren mota ko babur, da wasan da ake biyan mutum kuɗi a kansa.

Sai lokaci. Yawancin takardun suna sharɗanta a ga likita cikin 'yan kwanaki da aukuwar abin, wasu awa 72 suke bayarwa ga kuɗin sashen gaggawa. Mai juriya da ya zauna a gida yana shafa man zafi har mako biyu kafin ya je a duba shi ya riga ya zubar da wani ɓangare na haƙƙinsa. Wanda kuma ya je gida hutu ya karye aka kai shi wajen mai ɗori, ko ɗorin ya yi kyau, ba shi da hoton ƙashi ko rahoton likita da zai nuna, don haka ba shi da abin nema.

Akwai layi ɗaya da ya kamata direba da mai kai saƙo su nema da idonsu: ko inshorar tana aiki dare da rana ne, ko kuwa a wajen aiki kaɗai. Wadda ma'aikata ke sayarwa sau da yawa ta wajen aiki ce, bisa cewa raunin bakin aiki yana da tsarin diyyarsa daban. Amma mai aikin kansa, wanda kamfani ke ɗauka a matsayin ɗan kwangila, a jihohi da dama ba ya cikin wancan tsarin. In ya sayi ta wajen aiki, sa'o'in da ya fi zama cikin haɗari su ne ba a rufe ba.

Inshorar babban ciwo

Asalinta ba daga Amurka ba ne. Likitan zuciya ne ɗan Afirka ta Kudu, Marius Barnard, ƙanin Christiaan Barnard wanda ya jagoranci dashen zuciyar farko a Cape Town a 1967, ya matsa wa kamfanonin inshora lamba har aka fitar da ita a 1983. Abin da ya dame shi shi ne yana ceto ran marasa lafiya a ɗakin tiyata, su koma gida talauci ya ƙarasa su, ga inshorar rai ba ta biya sai an mutu. Ta farkon cututtuka huɗu ta rufe: bugun zuciya, ciwon daji, shanyewar ɓarin jiki, da tiyatar zagaye jijiyar zuciya da ta toshe. A Amurka kuwa kamfanin Aflac, wanda aka kafa a Columbus ta jihar Jojiya a 1955, ya fara sayar da inshorar ciwon daji kaɗai tun 1958.

Tsarinta dunƙule ne. Mutum ya zaɓi adadi, a ce dala 10,000 ko 20,000, ranar da likita ya tabbatar da ɗaya daga cututtukan da ke cikin jeri sai a biya shi gaba ɗaya. Jerin yanzu ya faɗaɗa, an ƙara gazawar ƙoda da ta kai ga wankin ƙoda, dashen gaɓoɓi, makanta, da wasu. Sai dai tsawon jeri ba shi ne abin dubawa ba. A nan gizo ke saƙa: sunan cuta a bakin jama'a daban, ma'anarta a takarda daban.

Ɗauki bugun zuciya. Mutum ya ji ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutse, aka garzaya da shi, likita ya ga jijiya ta ƙuntata, aka zura masa ɗan bututu aka buɗe ta. A gida kowa zai ce ya yi bugun zuciya. Kamfani kuwa zai nemi hujjar cewa wani sashe na tsokar zuciya ya mutu, wato hauhawar sinadarin troponin a gwajin jini tare da sauyin da na'urar awon zuciya ta nuna. In an kai shi da wuri har ba a samu wannan ɓarna ba, to sa'arsa ta lafiya ita ce rashin sa'arsa ta biya: ƙaramin kaso zai samu na aikin buɗe jijiya, in ma takardar ta ambace shi. Tsayawar zuciya farat ɗaya saboda rikicewar bugawarta ita ma wasu yarjejeniyoyin ba sa lissafa ta a matsayin bugun zuciya, sai in an rubuta ta da sunanta.

Shanyewar ɓarin jiki haka take. Wadda ta zo baki ya karkace, harshe ya yi nauyi, sannan ta sake shi cikin awanni ba tare da barin tabo a hoton ƙwaƙwalwa ba, kusan kowace takarda ta cire ta. Ana neman lahanin da ya ɗore, wasu ma har da adadin kwanakin da zai ɗauka kafin a yarda.

Ciwon daji kuma an raba shi gida-gida. Wanda ya kutsa cikin naman da ke kewaye shi ake biya cikakke. Wanda aka gano tun yana zaune a inda ya tsiro bai bazu ba, yawanci kashi 25 cikin ɗari ake bayarwa. Yawancin ciwon dajin fata ɗan abin da ba a rasa ba ne, ko ma babu. Hujjar da ake karɓa ita ce rahoton ɗakin gwaji kan tsokar da aka yanko, ba zaton likita ba.

Bayan ma'anoni sai shingayen lokaci guda uku, kuma mutane sukan cakuɗa su. Na farko lokacin jira: cutar da aka gano cikin kwanaki 30 na farko, wasu har 90 ga ciwon daji, ba a biya. Na biyu sharaɗin ciwon da ka shigo da shi: kamfani zai waiwaya baya, sau da yawa wata 12, ya duba ko ka ga likita ko ka sha magani kan abin da ya jiɓinci wannan cuta, in haka ne ba zai biya a kanta ba sai an ci wata 12 na farko. Na uku sharaɗin rayuwa da wasu takardun ke sakawa, cewa sai mara lafiya ya rayu wasu kwanaki bayan ganowa, in ya cika kafin nan iyalinsa ba su da komai a nan. Shi ya sa ba ta zama madadin inshorar rai.

Wani abin da ya shafi masu zuwa gida ganin dangi ko masu tafiya aikin Hajji: akwai yarjejeniyoyin da ke cewa sai an gano cutar a cikin Amurka, ko likita mai lasisin can ya sake tabbatar da ita. Wanda ciwo ya kama a hanya ya riƙe asalin sakamakon gwaje-gwajensa da hotuna, kada ya dawo da takardar sallama kawai.

Game da kuɗin wata kuma, a tambaya ko an ɗaure shi ne a kan shekarun da mutum ya shiga, ko zai riƙa hawa duk bayan shekara biyar. Na biyun yana da daɗi ga ɗan shekara 30, amma yakan yi tsada daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, sai mutum ya ajiye bayan ya yi shekara ashirin yana zubi. Wasu takardun ma suna rage adadin biya zuwa rabi in mutum ya kai shekara 70. Mai shan taba kuma farashinsa daban, ɓoye shan a fom kuwa hanya ce ta ba kamfani damar soke yarjejeniyar, musamman cikin shekara biyun farko da doka ta ba shi ikon binciken abin da aka rubuta.

Inshorar kwanciyar asibiti

Ita biya biyu take yi: dunƙule ɗaya ranar da aka ba ka gado, da kuɗin kowace rana har zuwa wani adadin kwanaki, wanda kan ninka a sashen kulawa ta musamman. Da mutumin nan na sito yana da mai biyan dala 1,000 na shiga da 150 a rana, kwana huɗunsa za su kawo 1,600. Ya rage zafi, bai rufe 7,400 ba.

Tarkonta kalma ɗaya ce. A asibitocin Amurka ana iya ajiye mutum a kan gado, da ƙarin ruwa a hannu, ya kwana ɗaya ko biyu, alhali a rubuce ba a kwantar da shi ba, yana ƙarƙashin sa ido ne, wanda a lissafi daidai yake da mai zuwa ya koma. Tun 2013 Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu shekara 65 zuwa sama, ya ɗora ma'aunin cewa ana kwantarwa ne in likita na tsammanin jinyar za ta ƙetare tsakar dare biyu. Ɗakin ɗaya ne, abincin ɗaya, amma dunƙulen shiga ya dogara ne ga wace kalma likita ya rubuta. Wasu sababbin takardun suna biyan sa ido in ya wuce wasu awanni, wasu ba sa biya sam. Mai jinya ya tambayi ma'aikatan ɗaki kai tsaye a wane matsayi aka rubuta mara lafiyarsa, tun yana kan gadon.

Haihuwa ce ta sa ma'aurata da yawa ke sayen wannan, kuma lissafin yana iya fita, tunda kwanciya ce da ake iya hasashenta. Kamfanoni ma sun san haka, don haka da yawa ba sa biyan haihuwar da ta zo cikin wata tara ko goma na farko. Wadda ta riga ta ɗauki ciki kafin sa hannu ta duba wannan layin. Gidajen gyaran jiki bayan tiyata, da cibiyoyin masu fama da shaye-shaye ko taɓin hankali, su ma sau da yawa ba sa shiga ma'anar asibiti.

Ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu

Dokar gyaran inshorar lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da Obamacare, ta hana babbar inshora ƙin mutum saboda ciwon da yake da shi, ta kuma tilasta kamfani ya kashe aƙalla kashi 80 ko 85 cikin ɗari na kuɗin da ya karɓa a kan jinya. Waɗannan ukun an keɓe su daga wannan doka. Kamfani na da damar tambayar tarihin lafiyarka, ya ƙi ka, kuma wancan kaso bai hau kansa ba. Wannan keɓewa ce wasu dillalai ke fakewa da ita su sayar wa baƙo inshorar kwanciya a matsayin cikakkiyar inshorar lafiya mai araha. Alamar gane ta ba wuya: in takarda tana faɗin abin da za ta biya a rana, ba ta faɗin iyakar abin da kai za ka biya a shekara, to ta cike giɓi ce.

A ganinmu lissafin ba mai tsawo ba ne. A ce kana biyan dala 25 a wata, 300 ke nan a shekara, 3,000 a shekara goma. Wanda yake da ajiyar da za ta rufe iyakar aljihunsa ta shekara, gara ya ci gaba da ajiya, domin ajiya ba ta tambayar ko troponin ya hau. Wanda kason farkonsa babba ne, ajiyarsa ba ta kai ba, aikinsa na ƙarfi ne ko yaransa na wasannin da ake karyewa, inshorar haɗari za ta yi masa rana. Ta babban ciwo ta fi dacewa da wanda gida ya dogara da albashinsa shi kaɗai. Amma kafin duka ukun, mai iyali ya fara duba inshorar da ke biyan wani kaso na albashi in ciwo ya hana shi aiki, domin ita ba ta damu da sunan cutar ba, rashin iya aiki take kallo, kuma ciwon baya da ke zaunar da mutane watanni ba ya cikin jerin ko ɗaya daga ukun nan.

Haraji ma yana da ɗan tasiri. In daga albashin da aka riga aka cire wa haraji ake biyan kuɗin wata, abin da kamfani ya biya ka ba a cire masa haraji. In kafin haraji ake cirewa, abin da ya haura kuɗin jinyar da ka kashe na iya zama abin haraji. Ofishin ma'aikata zai faɗa maka wanne ne.

Irin waɗannan kayan sun shigo kasuwar Najeriya, har ta hanyar takaful ga mai guje wa inshorar gargajiya, sai dai matsayinsu ya juye. Inda fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita, kuɗin kwanciya na rana ba giɓi yake cikewa ba, sau da yawa shi kaɗai ne a hannu, don haka ƙarancin adadinsa ya fi fitowa fili. Ma'aikacin da ke da takardar ɗauka ya fara sanin abin da doka ta riga ta ba shi: diyyar raunin bakin aiki ƙarƙashin dokar 2010 da NSITF, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da asusun inshorar ma'aikata, ke gudanarwa, da inshorar rai ta ninki uku na albashin shekara da dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki.

Neman biya

Asibiti ba ya tura wa waɗannan kamfanonin komai, mai inshora ne zai nema da kansa, kuma kuɗi da yawa na kwantawa ne kawai don mutum ya manta yana da ita. Yarjejeniyoyi da dama suna son a sanar cikin kwana 20, a kawo hujja cikin kwana 90. Abin da ake tarawa: cikakken lissafin asibiti mai ɗauke da lambobin cuta da na aiki, wanda ake kira UB-04 kuma sai an roƙa ake bayarwa, takardar sallama mai ranar shiga da ta fita, rahoton tiyata ko na ɗakin gwaji, bayanin abin da babbar inshora ta biya, da rahoton 'yan sanda in haɗarin mota ne. A bi jadawali layi-layi a nemi kowane abu da sunansa, har sandar dogarawa da zaman gashin ƙashi, domin kamfani yakan biya abin da aka nema ne. Takardu da yawa ma suna ba da kamar dala 50 a shekara ga wanda ya je gwajin lafiya na yau da kullum, wanda shi kaɗai yana mayar da kuɗin wata biyu ga mai biyan dala 25 a wata.

In an ƙi biya, wasiƙar za ta ambaci sashen da aka dogara da shi da wa'adin ɗaukaka ƙara. A kai wa likita ainihin kalmomin sashen ya rubuta amsa a kansu, maimakon wasiƙar cewa mara lafiya ya sha wahala. Kowace jiha tana da sashen kula da inshora da ke karɓar koke kyauta. Wanda kuma zai bar aiki ya tambaya ko zai iya tafiya da inshorarsa yana biya da kansa. Wa'adin neman haka gajere ne, sau da yawa kimanin wata ɗaya, kuma in ya wuce sai sabuwar yarjejeniya, da sabon lokacin jira, da sabon fom ɗin tambayoyin lafiya a shekarun da mutum yake yanzu.